Takalmin farautar elk a tsaunukan Kolorado: wanne zan saya?

Bakatsinen_Houston:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san dawan ƙasar nan. Wani abokin aikina Bature ya gayyace ni farautar elk, wata ƙatuwar barewa mai ƙaho mai rassa, a Kolorado ƙarshen Oktoba, zango na biyu na masu bindiga, a dajin White River ta wajen garin Meeker. Na yi kwas ɗin mafarauta na karɓi kati, lasisin baƙo kuma zai ci mini wajen dala 800. Da na tambaye shi abin da zan tanada, bai yi zancen bindiga ba, bai yi na rigar sanyi ba, cewa ya yi in fara da takalmi. Na leƙa kanti na ga Kenetrek da Crispi dala 400 zuwa 500, sai da na goge ido na sake duba takardar. Ina da but na aiki mai ƙarfe a baki, fata mai kyau, bai daɗe a hannuna ba. Ba zai yi ba? In kuma dole sai na saya, mai ɗumi zan ɗauka wanda aka rubuta 400 a jiki, ko wanda babu komai a ciki?

Direban_Tirela:
Wa alaikumus salam. But na aiki ka bar shi a wurin aiki. Ƙarfen nan sanyi yake ja, yatsunka za su daskare tun kafin hantsi. Ni hanyar nan ta I-70 nake bi, ƙarshen Oktoba na sha tarar da dusar ƙanƙara ta rufe ta.

Dattijon_Denver:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya san abin da yake faɗa. Mutane suna tunanin hawan dutsen ne wahala. Hawa numfashi yake ci, saukowa ita ke cin ƙafa, musamman in Allah ya ba ku sa'a. Namijin elk yana kai kilo 300 har ya ɗara, ya fi gwankin gida jiki. Ba a jansa, ba a ɗaga shi. Inda ya faɗi nan za ku feɗe shi ku raba shi huɗu, cinya ɗaya da ƙashinta tana kai kilo 30. Dokar Kolorado kuma ba ta yarda ka ɗebi wanda kake so ka bar saura ba, cinyoyi da kafaɗu da naman gadon baya duk sai sun fito. In cikin Flat Tops za ku shiga, yanki ne da aka keɓe, mota ba ta shiga, babur ba ya shiga, ko keke ba a yarda ba. Ko doki, ko bayanka.

To ka auna: kaya kilo 35 a baya, gangara, duwatsu masu mirginawa, itatuwan da ƙwari suka kashe sun faɗi sun gicciye hanya sai ka tsallake ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci cikin dare da fitilar goshi. Sannan ka koma ka ɗauko wani. Wannan aikin kake saya wa takalmi. Tafin ya zama mai tauri wanda ba ya murɗewa in ka taka gefen tsauni, wuyan ya haura idon sawu sosai, da roba da ta zagaye shi ta ƙasa don kada dutse ya yanke fatar. But na aiki an yi shi ne don tsayuwa a kan siminti.

Dan_Maharba_Ningi:
Haba jama'a! Dala 500 takalmi? Mahaifina ya yi shekaru yana farauta a duwatsun Ningi da takalmin taya, wani lokaci ma ƙafa Allah. Ku dai Amurka ta sangarta ku.

MaiBaka_Bozeman:
@Dan_Maharba_Ningi, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ka tambaye shi ko ya taɓa taka ƙanƙara har ƙwauri a tudun da ya kai mita 3,000.

Sai dai ni ban bi Baba na Denver duka ba, a gafarce ni. Ni da baka nake farauta, watan Satumba, lokacin da mazan ke kuka suna neman mata. Dole ka matso dabba kamar taku 40, kuma kullum cikin tafiya kake. Takalmi mai tauri sosai ƙara yake yi, ba ka jin abin da ka taka, kuma nauyinsa a ƙafa yana gajiyarwa fiye da yadda mutum ke zato. Na koma mai sauƙi irin Salomon Quest, na fitar da nama da shi lafiya lau. Akwai ma samari a nan da takalmin gudun daji kawai suke shiga. Kamfanin Kenetrek da na Schnee's duk a garin nan suke, ina wuce su kullum, ba raina kayansu nake ba. Ina cewa ne ba kowa ke bukatar mafi tauri ba.

Dattijon_Denver:
Kai a Bozeman kake kwana kake tashi, ƙafarka ta saba da dutse shekara da shekaru. Wannan bawan Allah daga Houston zai taso, inda gadar sama ce tudu mafi tsawo. Idon sawunsa bai san gefen tsauni ba. Targaɗe ɗaya ya isa ya ɓata tafiyar mutum huɗu. Kuma Satumba daban, ƙarshen Oktoba daban.

MaiBaka_Bozeman:
Wannan gaskiya ne Baba. Na janye rabi. Amma kada ya ɗauki na masu hawan ƙanƙarar nan da ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Crispi suna sa lamba daga 1 zuwa 5 ta taurin tafi, ya nemi na tsakiya.

Nas_A_Boise:
Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren aikina. Duk kaka muna ganin mafarauta, kuma abin da ke kawo su bai wuce bororo da ya fashe ya ɗauki ruwa ba, da farce da ya yi baƙi, da targaɗe. Yawancinsu takalmansu masu tsada ne. Sunan kamfani bai hana komai ba in takalmin bai dace da ƙafar ba.

Mu da muka tashi da silifas da yawo ba takalmi, gaban ƙafarmu yana da faɗi, yatsu a baje. Da yawa daga waɗannan takalman a Italiya ko Jamus ake ɗinka su, wasunsu kuma matsattsu ne ta gaba. Don haka Yaya ka tambayi mai faɗi, yawancin kamfanonin suna yi. Ka je gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da safar da za ka sa a daji. Ka zaro shimfiɗar ciki ka taka ta a ƙasa: in ƙafarka ta zubo ta gefe, ajiye shi, ko nawa aka rage maka. Gaban babban yatsa ya rage wuri kamar faɗin babban yatsan hannu. Kantunan kirki suna da ɗan gangare na katako, ka ɗaure igiya ka sauko a kai. In yatsu suka taɓa gaba, ba naka ba ne. Ka hau kuma, in diddige yana ɗagawa yana gogar baya, nan bororo zai fito.

Sannan ka yanke farce kafin tafiya, mai faso kuma ya fara shafa mai tun yanzu. Sanyi da bushewar iskar can suna buɗe faso har ya yi jini.

Bakatsinen_Houston:
Hajiya kamar kin ga ƙafata. A gida 44 nake sawa, a nan sai in ga wani 10 da rabi ya yi mini, wani sai 11. Na gode ƙwarai. To maganar 400 fa? Har yanzu ba wanda ya taɓo ta.

Damagaram_Alberta:
Ni zan taɓo, don sanyi dai mun fi ku a nan. Lambar nan nauyin abin ɗumin ne da aka shimfiɗa a ciki, giram 400 a kowace murabba'in mita, ba nauyin takalmin ba. Akwai 200, akwai 400, har 1000. Tambayar ita ce yaya abokinka yake farauta? In mai zama ne a bakin fili tun asuba da madubin hangen nesa, yana jira su fito kiwo, 400 ka ɗauka. In mai yawo ne yana bin sawu, marar ɗumi da safar ulu mai kauri ya fi. Dalili, kana hawa ƙafa za ta yi gumi, gumin ya jiƙa abin ɗumin, da ka zauna sai ya huce a jikinka, ka fi wanda bai sa komai ba jin sanyi. 1000 kuwa na masu zama wuri guda ne a tsakiyar hunturu, kada ma ka kalle shi.

Direban_Tirela:
Ni 400 zan ce. Mutumin Katsina da ya zauna Houston, ina ya san sanyi? Da asuba a can ana sauka ƙasa da sifili sosai.

Damagaram_Alberta:
Ni ma ai ba a Kanada aka haife ni ba, Malam. Marar ɗumi zai yi masa amfani har bazara in zai je yawon dutse, mai 400 kuwa sai ya jira wata shekara. Kuɗi ɗaya, aiki biyu.

Nas_A_Boise:
Ko wanne ya ɗauka, ban da safar auduga. Tana riƙe gumi, fata ta yi laushi, sai bororo. Ulun merino, irin Darn Tough ko Smartwool, ya riƙe ta canji a jaka ya sauya da rana. Da filasta mai suna Leukotape, a manna a diddige tun kafin a fita, ko da zarar ka ji wuri ya fara zafi. Kada ka ji kunyar tsayar da mutane minti biyar.

Baduku_Kofar_Wambai:
Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, amma fata sana'ar gidanmu ce. Na ga hotunan takalman da Malam Bakatsine ya turo. Fatar saniya ce mai kauri, kuma wanda ɗinkinsa bai yi yawa ba shi zai fi daɗewa, don ruwa ta ɗinki yake fara shiga. In ya yi maka tauri ka samu kitse ko man shanu ka shafe shi ka ajiye a rana, zai yi laushi.

Dattijon_Denver:
Malam Baduku, maganarka ta ɗinki daidai ce, masu sayarwa ma haka suke faɗa. Amma kitsen a bar shi. Wannan ba a son ya yi laushi, taurin ake saya. Kuma robar gefen da gam aka manna ta, mai yana sa ta ɓanɓaro. Akwai kakin da kamfanonin ke sayarwa don shi, shi ake shafawa. Abin da ke hana ruwa shiga wata 'yar riga ce a tsakanin fata da shafin ciki, Gore-Tex ko makamancinta. In fatar waje ta sha ruwa ta jiƙe, gumi ba ya samun hanyar fita, sai ka zaci yoyo yake alhali naka ne.

Wani abu kuma: kada ka kusanta shi da wuta. Na ga wanda ya jingina nasa kusa da murhun tanti ya kwanta, da safe baki ya buɗe, fata ta ƙanƙance. Ka zare shimfiɗar ciki, ka cusa jarida ko busasshen tsumma. Ka kwana da shi cikin tanti, ka buɗe igiyar sosai, don in ya daskare a tsuke ƙafa ba za ta shiga ba.

Baduku_Kofar_Wambai:
To madalla, na ƙaru. Ashe gam ne. Mu da zare muka saba.

Abu_Sumayya_Ohio:
Ni abin da ya dame ni daban. Alwala fa? Mutum ya ɗaure igiya har ƙwauri, ga ƙanƙara, azahar ta yi, la'asar ta yi. Kwancewa za a riƙa yi? Kuma a duba shafin ciki, akwai takalman da ake yi wa shafi da fatar alade, ana gane ta da ƙananan huda uku-uku a jere.

Malamin_Zaure:
Tambaya mai kyau. Shafa a kan huffi ta tabbata. A mazhabar Malikiyya sharuɗɗan su ne ya zama fata, mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, ana iya tafiya da shi, kuma an sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Ba a yanka masa kwanaki ba, sai dai an so a cire duk Juma'a. Sauran mazhabobi sun ce matafiyi kwana uku, mazauni yini da kwana. But na fata da ya haura idon sawu, malamai da yawa sun ɗauke shi a hukuncin huffi. Sai dai ka lura da biyu: in ka cire shi bayan ka yi shafa, sai ka wanke ƙafa nan take, kuma in jinin fiɗa ya ɓata shi sai ka wanke kafin ka yi salla da shi. In taɓo ya lulluɓe saman, a share kafin shafa. Allah ne mafi sani.

MaiBaka_Bozeman:
Allah ya saka Malam. Abin da ban ji an faɗa ba shi ne zaman tahiya da takalmi mai tauri. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa, sai dai ka zauna yadda ya samu. Wannan ma wani dalili ne na mai laushi, Baba.

Dattijon_Denver:
Kai dai ba ka gajiya.

Abu_Sumayya_Ohio:
Me zai hana ya sa huffin fata siriri a ciki, ya riƙa zare but ɗin kawai?

Nas_A_Boise:
Ta ɓangaren addini Malam ne zai ce. Ta ɓangaren ƙafa kuwa ban ba da shawara ba. Fata cikin fata santsi take yi, ga gumi ba inda zai je. A bar huffin sai a tanti da dare.

Dan_Maharba_Ningi:
Ni har yanzu lissafi nake. Lasisi 800, takalmi 500, ga jirgi, ga harsashi. Da kuɗin nan bijimi nawa za a saya a kasuwar Mai'aduwa? Kuma ma ba tabbas za a samu.

Direban_Tirela:
Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ɗan'uwa. Kuma gaskiyarka, yawancin masu irin wannan lasisin hannu rabbana suke dawowa, duk da Kolorado ta fi kowace jiha yawan elk. Ba don arahar nama ake zuwa ba.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan takalmi. Mai son muhawarar farashin shanu ya buɗe nasa zaren.

Injiniya_SaltLake:
Kan maganar kuɗi, akwai tsaka-tsaki. Danner Pronghorn da Irish Setter Elk Tracker ba su kai waɗancan tsada ba, kuma mutane da yawa sun kashe elk da su. Ba su kai su tauri a gefen tsauni ba, shi ne bambancin. In tafiyar nan gwaji ce, ba ka san ko za ka sake ba, babu laifi ka fara da irinsu. In ka san abin zai shiga jininka, irin Lowa Tibet ko Meindl ko Kenetrek ana iya sake musu tafi in ya cinye, ka yi shekaru da su.

Gargaɗi ɗaya game da gwanjo. Na taɓa ganin wanda aka saya a intanet, sabo fil a kwali, ashe ya yi shekaru a ajiye. Sashen tsakiyar tafin wani irin soso ne da ke ruɓewa in an daɗe ba a taka shi ba, danshin iska ke cinye shi. Ana cikin tafiya tafin ya rabu da takalmin, da igiya aka ɗaure shi aka sauko. Ka danna tsakiyar da farce, in yana marmashewa ka gudu. Kuma ka sayi naka inda za su karɓa in bai yi ba. Ka yi ta yawo da shi cikin gida tukuna, don yawancin kantuna ba sa karɓar wanda ya taka ƙasa.

Damagaram_Alberta:
A ƙara da abin rufe ƙwauri da ake ɗaurawa daga saman takalmi zuwa ƙasan gwiwa. Yawancin jiƙewar ƙafa ta sama take zuwa, wando ya sha raɓa ko ƙanƙara ya zubo cikin safa. Ba shi da tsada, kuma yana ƙara ɗumi, wanda ya sake rage bukatar 400 ɗin @Direban_Tirela.

Dattijon_Denver:
Abin da ya fi duk wannan: yaushe za ka saya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin fata mai tauri yana son tafiya mai yawa kafin ya san ƙafarka, masu yinsa ma suna cewa a yi kamar mil 50 da shi kafin a shiga dutse. Kuma tafiya a kan kwalta ba ta nuna maka inda zai cije ka. Tunda ba ku da tudu, nemi benen ajiye motoci, ka sa buhun shinkafa mai fam 50 a jakar baya, ka hau ka sauka ta matakala. Saukowar ka fi mai da hankali a kai. Ka koyi ɗaurin da ke kulle diddige: ƙasa sassauƙa, ka tsuke a wuyan ƙafa, sannan sama. Kafin gangara mai tsawo a tsaya a ƙara tsukewa.

In za ka zo kuma ka kwana biyu a nan Denver, mita 1,600 ce, jikinka ya fara sabawa kafin ka haura. Daga bakin teku kai tsaye zuwa 3,000 ciwon kai da amai ne. Gidana a buɗe yake.

Bakatsinen_Houston:
Allah ya saka da alheri Baba, in sha Allah zan sauka wurinka. Na koma kantin jiya da yamma da safar ulu kamar yadda Hajiya ta ce. Na tambayi abokin nawa, ya ce da asuba zama suke yi kamar awa biyu, sauran yini yawo. Mai tsadar da na fara so ya matse mini ƙaramin yatsa, har mai faɗinsa. Wani takalmi Bajamushe, lamba 11 mai faɗi, ya zauna daidai, diddige ba ya motsi, amma marar ɗumi kaɗai suke da shi a lambata. Akwai mai 400 na wani kamfani, ya fi araha da kusan dala 150, gaba lafiya, sai dai diddigen hagu yana ɗan ɗagawa a kan gangaren.

Nas_A_Boise:
Ɗagawa kamar yaya? In kaɗan ne ƙwarai, shimfiɗar ciki irin Superfeet tana iya cike wurin. Ka saya ka koma da ita ka sake hawa katakon. In har yanzu yana gogawa, bar shi.

Direban_Tirela:
Awa biyu a zaune da asuba a kan ƙanƙara ba abin ɗumi? Za ka tuna da ni.

Damagaram_Alberta:
Akwai 'yan ƙunshin ɗumama yatsu da ake mannawa a safa, dala kaɗan ne. Ya sa da asuba ya cire in za a tashi. Bajamushen nan dai shi ƙafarsa ta zaɓa.

MaiBaka_Bozeman:
Kafin ka biya, ka ɗora kowanne a sikeli ka gaya mana nauyinsa. Kuma ka tambaye su ko suna da mai sauƙin da na ce a lamba 11, ko gwadawa ka yi.

Dan_Maharba_Ningi:
In an samu dai a yi kilishi a aiko. Baba ya ce a tambaye ku, ƙahon nan mai rassa ana barin mutum ya fito da shi, ko na hukuma ne?

Injiniya_SaltLake:
Naka ne, amma nama ake fara fitarwa, ƙaho daga ƙarshe. Shi ma wani kaya ne, yana kama rassan itace duk inda ka bi. @Bakatsinen_Houston kantin nan kwana nawa suka ba ka na mayarwa?